Amsar da Na Ba Ki a Tsibirin Barewa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Iya.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, makwancinki da yalwa da haske. A makaranta an koya mana mu fara wasiƙa da "ina fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan". Ba zan iya rubuta haka ba. Ke kin wuce inda ake tambayar lafiya, ni kuma in na ce lafiya nake, na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko.

Auwalu ne. Na san da kina raye, ana fara karanta miki za ki ce a rufe, me ya yi zafi da ɗa zai rubuta wa uwarsa takarda a bainar jama'a. Ki yi haƙuri. Da gangan na ajiye ta inda 'yan'uwa za su gani, domin akwai laifin da na bari aka ɗora miki sama da shekara guda, alhali nawa ne.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ɗan fari ne, ke kuma mai kunya ce irin ta mutanen da. In na shigo ɗaki sai ki sami abin yi a tsakar gida. In na gaishe ki sai ki amsa wa bango. Ranar da aka yaye ni, ƙanwarki Inna Ladi ta goya ni ta tafi da ni gidanta a Tudun Wada, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta yi mini wanka, ita ta zane ni, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Da na yi aure ma ba ki sauya ba, sai dai kin sami ɗan aike. Ina zaune a gabanki za ki dubi matata Rukayya ki ce, "Ki gaya wa mutumin naki ya rage gudu da mota." Ni kuma in ce, "Ki ce mata na ji." Rukayya ta sha cewa ita ba aure aka kawo ta ba, aikin gidan waya aka ɗauke ta.

Sau ɗaya tak kika taɓa cewa ni naki ne a gaban mutane, kuma shi ne ya raba ki da 'yar'uwarki. Ranar kai amarya aka yi gardamar gidan da za a fara sauke Rukayya, naki ko na Inna Ladi. Magana ta yi zafi, sai kika ce mata, "Ke kika riƙe shi, amma ba ke kika yi naƙudarsa ba." Matan da ke wurin sun ce kina gama faɗa kika toshe bakinki da hannu. Inna Ladi ta ɗauki mayafinta ta fita. Shekara shida kuna haɗuwa a gidan suna da gidan rasuwa, ku gaisa sama-sama, kowa ta nemi tabarmarta daban.

Da ciwon cikin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibitocin gida suka yi iya yinsu, na nema miki biza na kawo ki Dubai. Kin tuna gidanmu na unguwar Port Saeed, hawa na tara? Ranar farko kika leƙa taga kika ce wa Rukayya, "Garin nan ba ƙasa, ba kaji, mutane a rataye kamar hula." Lif kuwa "akwatin nan" kike kiransa, kuma ba ki taɓa shigarsa ba sai da bisimilla uku. Abin da ya fi ɗebe miki kewa shi ne jiragen katakon nan na bakin ruwa, ki zauna kina kallon ana loda musu firji da tayoyi da buhuna, kina yi wa 'yan dakon sannu ta cikin gilashi. Kalmar Larabcin garin guda ɗaya kika koya, ita ce "khalas", wato an gama, kika kuwa more ta. Magani khalas, allura khalas, miyar Rukayya in gishiri ya yi yawa ita ma khalas.

A bakin tagar nan kika yi wa Rukayya maganar Inna Ladi, ina daga falo ina jin ku. Kika ce, "In na koma, da ƙafata zan je gidan Ladi. Na cuce ta." Rukayya ta ce ga waya, a kira ta yanzu mana. Kika ce, "Gafara a waya? Maganar da na faɗa a gaban mutane ina tsaye, sai na je na durƙusa tana ganina. Ki ajiye abin nan." Ta ajiye. Duk wanda ya san ki ya san ba a sake tayar da maganar da kika rufe.

Kwana goma bayan haka muka koma asibiti karɓar sakamako. Likitar wata Balarabiya ce mai sanyin murya, ta zaunar da mu ta yi bayani da Turanci a hankali, tana kallonki tana kallona. Ta ce ciwon ya cinye hanta ya bazu, magani ba zai mayar da shi baya ba. Ta ce makonni ne, in an yi tsawon rai 'yan watanni. Ta ce in kina son gida, yanzu ne jikinki zai iya ɗaukar jirgi, nan gaba ba ta sani ba. Sannan ta ce in fassara miki. Kika juya wajen Rukayya kika ce, "Me ta ce?" Kafin ta buɗe baki na riga ta. Na ce, "Ta ce a ci gaba da magani, ana ganin haske."

Iya, ba zan ɓoye hujjata ba, ko da yake yanzu ba ta da nauyi a wurina. Haka muka taso muka ga ana yi. Ba a gaya wa mara lafiya, ana cewa karya masa zuciya ne. Ke da kanki kika hana a gaya wa Baba lokacin nasa ciwon, har ya cika yana lissafin shukar bana. Sannan akwai wani asibitin da aka yi mini kwatance, na sa rai su za su faɗi wani abu daban. Amma can ƙasan duk wannan, tsoro ne kawai. Ni da ke ba mu taɓa haɗa magana uku a jere ba tare da wani a tsakani ba, ta yaya zan fara da wannan?

Abin dariya, aikina a ofis shi ne in tabbatar abin da aka rubuta a takarda shi ne a cikin kwantena. Na sha mayar da kayan manyan 'yan kasuwa saboda an rubuta atamfa an zuba takalma. Sun san ni da taurin kai har kasuwar Al Sabkha.

Rukayya ba ta bar ni na sha ruwa ba. Kullum in mun keɓe sai ta ce, "Abban Hanifa, ka ji tsoron Allah. Matar nan tana da sauran aiki a gida, kai ma ka ji da kunnenka." In ce gobe. Gobe ta zo in ce bayan Juma'a. Ana cikin haka wani abokin aikina ya turo mini hotunan hutunsa, Rukayya tana nuna wa yara, sai idonki ya faɗa kan hoton barewa. Ke da kika yi mako ba ki tashi zaune da kanki ba, sai ga ki kin dafa gado kin miƙe kina cewa, "Ina ne nan? A ƙasar nan?" Aka ce miki wani tsibiri ne can yamma, gaba da Abu Dhabi, an killace shi an zuba namun daji. A ranar na yi wa Rukayya alkawari. Na ce can zan kai ki, can zan gaya miki, inda babu warin asibiti.

Muka bar yara wajen maƙwabta, muka kama hanya bayan sallar asuba, ke a baya da filo biyu. Tafiya ce mai tsawo, kusan awa huɗu, dogayen gine-gine suka ƙare aka shiga fili fetal, rairayi hagu da dama sai turakun lantarki. Kika ce wa Rukayya, "Ki tambayi mutumin naki, duk wannan tafiyar don a kalli nama ne, ba a ci ba?" Na ce ta gaya miki ko gashinsu aka taɓa sai hukuma. Kika ce to Allah Ya kyauta, nama ya zama sarki.

A bakin teku muka bar mota muka shiga jirgin ruwa. Ba ki taɓa hawa ruwan da ya wuce na kwale-kwale ba. Kika riƙe hannun Rukayya gam, kina salati, idonki a rufe. Da aka yi nisa iska ta fara kaɗa mayafinki, sai kika buɗe ido ɗaya, can kuma kika buɗe ɗayan. Ruwan kore ne shar a kusa, shuɗi a nesa. Kika daɗe kina kallo kafin ki ce, "Duk wannan ba a sha?" Aka ce gishiri ne. Kika girgiza kai kika ce Allah mai iko, Ya tara ruwa haka a ƙasar da ke fama da ƙishi.

Tsibirin ya fito da jajayen duwatsu a tsakiyarsa. Aka sa mu a buɗaɗɗiyar mota mai rumfa, direban kuma shi ne mai bayani, wani dattijo mutumin Kenya mai furfura a gemu. Shi da ni muka ɗaga ki muka ɗora a kujera, ya ce, "Yalla, Mama," wato mu je, kika ce masa "khalas", ya yi ta dariya. A ranar na gane yadda kika rame. Ban ji nauyin komai a hannuna ba sai na zane da ƙashi.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da su. Barewa, Iya, garke guda, suna tsaye a gefen hanya kamar awakin unguwa. Kika ɗaga hannu kika yi raɗa, "Ku yi shiru, za su gudu." Muka yi shiru. Ba su gudu ba. Ɗaya ma ta matso tana shinshina tayar mota, idonta baƙi wuluk, ƙafafun kamar tsinke. Kika tsura mata ido kika ce, "Wannan ba ta san mutum ba." Daga nan bakinki ya buɗe. Kika ba Rukayya labarin ƙauyenku na gefen dajin Falgore, yadda kuna yara kuke zuwa itace ku ga barewa ta gilma kamar walƙiya, sai dai ku ga farin gindinta. Kika ce rabonki da ganin mai rai tun kafin aurenki. Ni da nake ɗanki, a ranar na fara jin cewa kin taɓa yin yarinta.

Duk abin da dattijon nan ya faɗa na fassara miki daidai, ban rage ko kalma ba. Abin da jimina take ci, yadda ake kai wa dabbobin ruwa, dalilin da ya sa aka rataya wa wata damisa mai siririn jiki abin wuya. Tana kwance ƙarƙashin bishiya ko kallonmu ba ta yi ba, kika ce ƙoshi ne ya lalata ta. Ɗawisu ya baje jela a gabanmu kika ce ado ba nama. Da muka zo wajen duwatsu wata 'yar dabba ta leƙo, kika tafa hannu kika ce, "Rema! Ke ma har nan?" Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Na juya baya kamar ina ɗaukar hoto, don kada ki ga idona.

Kin lura da abin da ni ban lura da shi ba. Bishiyoyin tsibirin a jere suke, shuka su aka yi, kuma kowace akwai baƙin siririn tiyo a gindinta yana ɗiga mata ruwa. Kika ce, "Su ma ƙarin ruwa ake yi musu." Kina faɗa kina shafa bayan hannunki inda allura ta bar tabo.

Sai raƙuman dawa. Uku ne, suna cin ganye daga saman bishiya. Kika kama ƙarfen mota kika miƙe tsaye da kanki, mayafi ya zame ba ki kula ba. Kika ce, "Ashe gaske ne. Na zaci na tatsuniya ne." Dattijon ya ce waɗannan asalinsu ba na nan ba ne, daga ƙasashenmu aka kawo kakanninsu. Na fassara. Kika zauna a hankali kika ce wa Rukayya, "Ki ce ya tambaye shi, in sun tsufa ana mayar da su gida?" Na tambaya. Ya yi murmushi ya ce a'a Mama, nan suke ƙarewa. Wannan ma na fassara miki daidai. Rukayya kuwa ta taka mini ƙafa har na ji zafi.

Na ƙarshe da muka gani su ne mariri, farare tas, ƙahoninsu dogaye miƙaƙƙu. Ni ban ma san sunansu da Hausa ba, ke kika faɗa. Kika ce a zauren kakanki akwai tsohuwar garkuwa da aka ce da fatar mariri aka yi ta, kuna yara kuna shafawa, amma babu wanda ya taɓa ganin dabbar a garinku, har shi kakan. Kika ce, "Yau na ga abin da kakana bai gani ba." Dattijon ya kashe mota muka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar tsinkar ciyawarsu.

Bayan mun fita daga babban shingen ya hau da mu wani tudu inda ake barin mutane su sauka su hangi teku. Ke ba za ki iya sauka ba. Rukayya ta dube ni, ta sauka, ta ja dattijon da tambayoyi har suka yi nisa. Haka muka shirya da ita. Aka bar ni da ke a mota, ke a kujerar baya, ni a ta gabanki, na ba ki ƙeya. A iya sanina wannan ne karo na farko da muka zauna mu biyu kaɗai babu mai kai saƙo. Na haɗa maganar a raina tun daga Dubai, na san ta inda zan fara. Amma sai na ɓuge da murza makullin mota a aljihu.

Ke kika fara. Ba ki ce a gaya wa kowa ba. Muryarki ƙasa-ƙasa, kina kallon teku, kika ce, "Kai ne kake jin yarensu. Akwai lokaci?"

Iya, shekara talatin da takwas ina jiran ranar da za ki yi mini magana kai tsaye. Na san abin da tambayar nan ta ci miki kafin ta fito. Kin ajiye kunyar da kika riƙe tun kina yarinya, kin sauƙaƙa mini, abin da ya rage mini kalma ɗaya ce. Na buɗe baki na ji kaina yana cewa, "Akwai, Iya."

Kika yi ajiyar zuciya. Kika ce, "To alhamdu lillahi. Ba sai na yi gaggawa ba ke nan." Kika gyara mayafinki. Ba ki sake tambaya ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Kin yarda da ni. Da ma kin yi shakka, da kin tsare ni da ido, da wataƙila na rushe na faɗa. Amma ke a wurinki ɗan da Ladi ta raina ba ya ƙarya.

A ranar kika ci abinci fiye da yadda kika ci a mako guda. A jirgin dawowa kika yi barci a kafaɗar Rukayya, fuskarki a sake. Rukayya ta tambaye ni da ido, na girgiza kai. Ba ta sake yi mini magana ba har muka wuce Abu Dhabi, sai hawaye da take sharewa da gefen hijabi.

Asibiti na biyun suka maimaita abin da ta farkon ta faɗa. Kafin in gama jan ƙafa in nemi tikiti, ƙafafunki sun kumbura, idonki ya yi rawaya, likitoci suka ce jirgi ba zai ɗauke ki ba. Wata safiya kika kwanta bayan kin sha kunu, ba ki sake farkawa sosai ba. Kwana huɗu kina numfashi ba magana. Ranar Alhamis da hantsi kika cika, mako biyar cif da zuwanmu tsibirin.

A Al Quoz muka binne ki, maƙabartar da ke kusa da rumbunan kaya, manyan motoci suna wucewa ta bayan katanga. Hausawan unguwar Deira sun zo, 'yan Zangon Ghana sun zo, har wasu leburori da ba su san ko sunanki ba suka shiga sahu. An yi miki sutura mai kyau, ba ni da abin cewa. Amma ba kusa da Baba ba ne, ba kusa da iyayenki ba, kuma babu ko mutum ɗaya daga garinku.

Da na kira Inna Ladi ta yi kuka, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Likitoci sun gaya mata, ta zaɓi ta zauna can. Ko saƙo ba ta bar mini ba." Na ce wallahi kin yi niyyar zuwa gidanta da ƙafarki. Ta ce, "Kada ka lallashe ni, Auwalu. In da gaske ne, ranar da ta ji sakamako za ta ce a kawo ta gida. Yaya ta tafi da ni a ranta." A nan ya kamata in faɗa. Sai na yi mata sallama na ajiye waya. Maganar ta zaga dangi, aka riƙa cewa Asabe akwai riƙo, har bakin kabari ba ta sauko ba. Ina ji ana faɗa, ina amsa gaisuwa, ana yaba mini wai na yi jinyar uwa.

Watan jiya na koma tsibirin ni kaɗai. Rukayya ta ce ita ba za ta sake taka wurin ba. Dattijon yana nan, ya gane ni, ya ce ina Mama mai khalas. Na gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Barewar suna nan a gefen hanya, raƙuman dawa sun zama huɗu, an sami ƙarami yana tangaɗi a bayan uwarsa. Na yi ta juyawa in fassara wa kujerar baya. Da muka hau tudun na roƙe shi ya ba ni wuri. Na koma kujerar da kika zauna, na kalli abin da kike kallo lokacin da kika yi tambayar. Ashe ta wajen ba komai sai ruwa, har inda ido ya ƙare. A nan na yi kukan da ban yi a Al Quoz ba. Kafin jirgin ruwa ya kai mu gaɓa na rubuta wa ofis takardar neman hutu.

Da na isa Tudun Wada na sami Inna Ladi a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta tsufa, Iya, ta ranƙwafa, kuma kamanninki sun fito mata sosai. Ta tashi za ta kawo ruwa na ce ta zauna. Na durƙusa a ƙasa na gaya mata komai, tun daga ɗakin likita har tudun nan. Ban rage ba, ban gyara ba. Na gaya mata tambayarki da amsata da abin da kika ce bayanta.

Ta ajiye farantin shinkafar a gefe. Can ta ce, "Ba sai ta yi gaggawa ba." Ta sake maimaitawa. Sai ta fashe da kuka tana kiran "Yaya, Yaya", irin kukan da ake yi ranar mutuwa, har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Shekara guda ina yi mata addu'a da rabin zuciya. Allah Ka shaida na yafe mata, duniya da lahira, ni ma ta yafe mini." Na matso na kama ƙafarta na ce ni ma ta yafe mini. Ta janye ƙafar a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Nawa na yafe, ai ni na goya ka. Amma ba ni ka yi wa ba, Auwalu. Wadda ta tambaye ka ba ta nan."

Shi ya sa na zauna nake rubuta miki. Na san takarda ba durƙuso ba ce, amma ba ni da wata ƙofar. 'Yan'uwa da ke karantawa, ku shaida: Hajiya Asabe ba ta tafi da kowa a ranta ba. Ba ta san tafiyar ta zo ba, ni na ɓoye mata.

Ke kuma Iya, kin yi mini tambaya ɗaya a duk rayuwarki, ga amsarta ta gaskiya. Babu lokaci, Iya. Likita ta ce makonni ne. Ki tashi mu tafi gida, Ladi tana nan, jirgi zai iya ɗaukarki. Abin da ya kamata in ce ke nan, kuma ko minti ɗaya ba zai ci ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Asabe, Ka karɓi niyyarta a matsayin tafiyar da ba ta samu yi ba, kada Ka kama ta da jinkirin da ba nata ba. Ka sanyaya ƙasar baƙuncin da take kwance a ciki. Ka haɗa ta da 'yar'uwarta a inuwa ɗaya a Aljanna. Ni kuma Ka sanya mata tausayina a ranar da za mu tsaya gabanKa, ta dube ni ko sau ɗaya ta ce ta yafe. Amin.

Wassalam.

Ɗanki mai neman gafararki,
Auwalu
Port Saeed, Dubai